Allah Nawa Kike Bauta Wa, Kaka?

Ruwan safe ya ɗauke, tsakar gidan Inna Hasana sai ƙamshin gasasshiyar masara yake. Muhsina na zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana ɓanɓaro ƙwayar tana zuba wa kakarta a tafin hannu, don shekara uku ke nan da idon tsohuwar ya tafi, haƙoran ma saura na ado.

"Ƙawata, wannan ta gonar angonki ce ko?" in ji Kaka Rifkatu. "Da jin ƙamshinta za ta yi zaƙi kamar bakinsa."

"Kai Kaka! Ke dai ci kawai."

Saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren Muhsina da Abdulganiyu, mai gyaran injin ban-ruwa, ɗan autan Malam Inuwa limamin ƙauyensu da ke can gefen Badafi. Mahaifin Muhsina, marigayi Jibrin, cikin Hausawa Kiristoci na duwatsun Doguwa aka haife shi. Yana saurayi ya musulunta, ya gangaro ƙasar Kiru ya auri Hasana. Bayan rasuwarsa, da labari ya zo cewa tsohuwarsa ta makance, Inna Hasana da ƙafarta ta je ta ɗauko ta. "Uwar mijina ce, ko me take bauta wa," iyakar abin da ta ce wa masu surutu ke nan.

Kafin Kaka ta kai masarar baki sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki." Muhsina ta ji wannan kalami ya fi sau dubu, amma yau sai ya tsaya mata a rai. Ta tuna ranar da aka zo neman aurenta, yadda Ubale, wan Abdulganiyu, ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga murya don ta ji: "Duk 'yan matan ƙasar nan a rasa inda za a nemo mana sai gidan masu Allah uku?"

"Kaka, in tambaye ki, ba za ki ji haushi ba?"

"In na ji ma me zan yi miki? Ba na ganinki balle in ranƙwashe ki."

"Allah nawa kike bauta wa?"

Tsohuwar ta daina tauna. "Ɗaya. Ɗaya tak, yarinya. Wanda ya ce miki uku, ba daga bakina ya ji ba."

"To ai yanzu kika lissafo uku da bakinki!"

"Na kira shi ne yadda muka gaskata ya bayyana kansa gare mu. Uban Allah ne, Ɗan Allah ne, Ruhun Allah ne. Uban ba shi ne Ɗan ba, Ɗan kuma ba shi ne Ruhun ba. Amma Allahntakar ɗaya ce, ba a yanka ta kashi uku ba."

"Ɗa fa kika ce, Kaka. Wato dai aure ya yi?"

"Allah ya kiyaye! Wa ya faɗa miki wannan ƙazanta? Ba irin haihuwar da na yi wa ubanki ba ce. Maganar da ke fita daga bakinki yanzu, daga ina ta taso?"

"Daga cikina."

"To taki ce ko ta maƙwabta? Haka muke cewa Ɗan Kalmarsa ne, tun fil'azal yana tare da shi, babu ranar da babu shi. Amma kar ki riƙe misalin da ƙarfi, ƙawata, gurgu ne. Duk misalin da aka ba mu a majami'a ɗingishi yake. Shekarata saba'in da wani abu ina faɗa, har yau ban kai ƙarshensa ba."

Muhsina ta juya zancen a ranta. "Tsaya in maimaita, ki ji ko na gane. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, kuma Allah ɗaya ne."

"Haka muke cewa."

"To na gane abin da kuke cewa. Amma ni ban yarda ba, Kaka. A wurinmu Allah ba ya da ɗa ta kowace fuska, Annabi Isa kuma bawansa ne, manzonsa."

"Na sani. Ubanki ma haka ya ce mini, na yi kuka na share hawayena. Miƙo masarar."

Abin da Muhsina ba ta sani ba, Badiyya matar Ubale tana tsaye a bayan katangar zaure. Ankon biki ta kawo, ta jiyo ana ambaton Uba da Ɗa, ta ciro waya ta danna rikodin. Maimaicin Muhsina kaɗai ta ɗauka. Ba ta tsaya jin abin da ya biyo baya ba, ta juya da ankonta.

Ana idar da sallar azahar Muhsina ta ji hayaniya na tunkaro layinsu. Inna Hasana ta tafi gaisuwar mutuwa Ɗansoshiya, daga ita sai Kaka a gidan. Kafin ta naɗe sallaya, ƙyauren langa-langa ya faɗo ciki — garam!

Ubale ne a gaba, ido jajur, gora a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Bayansa matasa sun fi ashirin, wasu da sanduna, ɗaya da adda, ɗaya da galan ɗin fetur.

"Yaya Ubale, lafi—"

Marin da ya ɗauke ta da shi sai da ta ga wuta. Ta faɗa kan randa, randar ta fashe, ruwa ya malale tsakar gida.

"Ni ba yayan wadda ta yi ridda ba ne!" Ya ɗaga wayar sama ya danna. Muryarta ta fito tar, tana lissafo Uba da Ɗa da Ruhu. Wuri ya kaure da ihu.

"Wallahi ba haka ba ne! Tambayarta na yi, ina maimaita—"

"Muryarki ce ko ba taki ba?"

"Tawa ce, amma ku ji ƙarshen—"

Ya sa ƙafa ya haure ta a haƙarƙari. Numfashinta ya ɗauke.

"Ku fito da tsohuwar! Ita ce tushen tsiyar!"

Biyu suka faɗa ɗaki suka jawo Kaka Rifkatu ta hannu, zaninta na jan ƙasa. "Su wane ne? Muhsina! Ina kike?" take ta kira, tana lalube a iska. Ɗaya ya ingiza ta. Ta tafi taga-taga ta faɗi a kan turmi. Ƙarar da ƙashin ƙugunta ya yi, duk wanda ke tsakar gidan ya ji ta. Ba ta ma iya ihu ba, baki kawai ta buɗe.

Muhsina ta rarrafa cikin caɓi ta rungume ta. Jini na zuba daga leɓenta yana ɗiga a kan furfurar tsohuwar.

Ubale ya tsaya a kansu yana huci. "Hanya ɗaya ta rage miki. Tashi ki faɗa a gaban jama'a cewa wannan tsohuwar Allah uku take bauta wa, ki tofa mata yawu, ki ce ba ke ba ita. In kin yi, mun ƙyale ki."

"Faɗi, ƙawata," Kaka ta raɗa mata da ƙyar. "Faɗi ki tsira. Ba zan riƙe ki ba."

Muhsina ta ɗago. Ta yi kalmar shahada da ƙarfi, har na waje suka ji. Sannan ta ce, "Wannan shi ne addinina, a kansa zan mutu. Abin da kakata ta yi imani da shi ban yarda da shi ba, na kuma faɗa mata da bakina. Amma ita ba ta ce uku ba! Ɗaya ta ce! Ba zan sa mata maganar da ba ta faɗa ba, ba kuma zan tofa wa uwar ubana yawu ba, ko za ku yanka ni!"

"Kun ji ko? Kare ta take yi!"

Ya ɗaga gorar da hannu biyu. Muhsina ta rufe ido ta kifa kanta a kan Kaka. Ta ji ƙarar babur ya faɗi a ƙofar gida, ta ji ana ture mutane, sannan ta ji saukar gorar — ƙwas! — amma ba a jikinta ba.

Abdulganiyu ne. Daga fadamar Bagauda ya taho, taɓo har gwiwa. Hannunsa na hagu da ya tare gorar ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Bai ko kalli wansa ba, ya durƙusa a gabanta.

"Muhsina, an turo min a guruf ɗin WhatsApp. Muryarki ce?"

"Tawa ce."

"Kin bar addininki?"

"Wallahi tallahi ban bari ba, Abdul."

"Shi ke nan. Ya ishe ni."

Ya miƙe ya juya. "Yaya, filis, ka ji tsoron Allah. Mace da makauniya ka tara wa gari?"

"Matsa, ko in haɗa da kai!"

"Sai dai ka haɗa."

Ubale ya kai masa naushi a baki. Abdulganiyu ya cakumi wuyan rigarsa da hannu ɗaya, suka zube cikin caɓi suna birgima, kaji na tashi sama, kwanuka na tarwatsewa. Matasan suka rufar masa, sanda ta ko'ina. Mai addar nan ya kai sara, ta same shi daga goshi zuwa saman kunne. Jini ya wanke masa fuska. Duk da haka ya ja jiki ya kifa a kan Muhsina da Kaka, ya ba su bayansa, duka na sauka a kansa kamar ana sussukar dawa. Muhsina na jin kowane bugu ta cikin ƙirjinsa, tana ihu, "Za ku kashe shi! Ku bari! Ɗan'uwanku ne!"

Mai galan ya watsa fetur a ɗakin Kaka ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama jinkar, hayaƙi ya turnuƙe gidan.

"Kai! Kai! Wane la'anannen ne ya aiko ku?"

Muryar Malam Inuwa ce. Ya shigo ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, dattawa uku na biye da shi. Sandunan suka sauka ƙasa. Ya dubi ɗansa kwance cikin jini, ya dubi ɗayan ɗansa riƙe da gora. Ya taka ya kwaɗa wa Ubale mari a gaban kowa.

"Baba, ridda ta yi! Ga muryarta!"

"Ni ma na ji muryar. Ka tambaye ta?" Ya juya ga taron. "A cikinku wa ya tambaye ta? Ni nan a karatun magariba sau nawa na karanto muku abin da Kiristoci ke faɗa don in yi bayani? Na zama Kirista ke nan? Wanda ya faɗi maganar wani, shi ne ya yi imani da ita? Ko da ta yi laifin ma, wa ya naɗa ku alƙalai? Ku kashe wutar nan, marasa kunya!"

Wasu suka ruga neman bokiti, wasu suka sulale. Kafin motar 'yan sanda ta iso saura mutum shida, ciki har da Ubale, wanda ya zauna daɓas yana kallon jinin ƙanensa a hannunsa.

Ɗinki goma sha bakwai aka yi wa Abdulganiyu, aka ɗaure hannun. Kaka kuwa likita ya ce ƙashin ba zai haɗu ba, ta gama tafiya da ƙafarta. Muhsina ta ɗauka wahalar ta ƙare a nan. Ashe da saura.

Kwana uku bayan haka Hajiya Halima, mahaifiyar Abdulganiyu, ta shigo ɗakin asibitin ta sami Muhsina tana ba shi shayi a baki.

"Ajiye kofin nan! Ɗa ɗaya a kulle, ɗaya a kwance, duk a dalilinki. Ke da gidana har abada!" Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, in ka aure ta ban yafe maka nonon da ka sha ba."

"Hajiya, ba zan yi aure ba da yardarki ba," ya ce a hankali. "Amma ki gafarce ni, ba zan auri wata ba. Zan jira."

Muhsina ta fito tana kuka har ba ta ganin hanya.

Da aka sallami Kaka, Inna Hasana ta ga zaman ƙauyen ba zai yiwu ba tukuna. Aka mai da tsohuwar Doguwa, gidan ƙanenta Baba Yohanna, dattijon majami'arsu. Muhsina ta ce ƙafarta ƙafar Kaka. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke kwashe abin da ya fita. Mutanen gidan suka share mata wuri a gindin mangwaro don salla, suka sayo mata sabuwar buta. Sai dai ranar farko matar Baba Yohanna ta tambaye ta cikin ladabi ko gaskiya ne Musulmi baƙin dutse suke yi wa sujada a Makka. Muhsina ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar da abin ya faru, ta zauna ta warware mata. "Ashe ku ma haka kuke faɗa a kanmu?" ta ce. Matar ta rufe baki don kunya.

Wata rana da hantsi ciwon ya tasar wa Kaka har tana cizon zani. Da ya lafa, Muhsina ta ce, "Kaka, abin nan da kika ce ke kanki ba ki kai ƙarshensa ba, me ya sa kika riƙe shi haka har ya jawo miki wannan?"

"Ba shi ya jawo mini ba, jahilci ne ya jawo." Ta numfasa. "Kin ga, mu mun gaskata tun kafin a yi sama da ƙasa akwai ƙauna a wurin Allah, Uban na ƙaunar Ɗan, Ruhun na tare da su. Mun kuma gaskata Ɗan ya ɗauki jiki irin nawa, an doke shi, ya san zafin duka. In ƙugun nan ya tashi, sai in ce masa, kai ma ka sani. Ruhun kuma shi ke riƙe ni daga ciki. Ke fa, da me kike riƙe kanki?"

"Ni na san Ubangijina yana ganina, yana jin kukana, ba sai ya zama mutum ba kafin ya san ciwona. Shi ya halicci ciwon da maganinsa."

"To riƙe da kyau, ƙawata. Ranar da muka tsaya a gabansa zai raba mana gardama."

Kullum da yamma Abdulganiyu zai kira. "Sori, yau ma Hajiya ba ta sauko ba," zai ce. Ita kuma ta ce, "Kar ka ɗaga mata murya, Abdul. Uwa ce." In ta kashe wayar sai ta zaga bayan rumbu ta yi kukanta ta wanke fuska.

Ranar da za a saurari shari'ar su Ubale, Kaka ta kafe sai an kai ta. Aka ɗauke ta a kan katifa a bayan a-kori-kura har Kiru. A gaban alƙali ta ce ita dai nata haƙƙin ta yafe, tana roƙon a sassauta wa yaran. "Shi Ubale yana da 'ya'ya ƙanana. Ni tafiyata ta riga ta ƙare, kar tasa ta ƙare a kaina." Aka yanke musu wata shida, aka haɗa da waɗanda suka riga suka yi a tsare. Hajiya Halima na zaune a bencin baya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan sati biyu, da azahar, wata mota ta tsaya a ƙofar gidan Baba Yohanna. Muhsina na cikin salla a gindin mangwaro, matar gidan na tsaye da tsumagiya tana kore mata awaki kada su ratsa gabanta. Da ta sallame ta waiga, sai ga Hajiya Halima tsaye tana kallonta, hawaye na bin kumatunta.

Muhsina ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Hajiya. Kun sha hanya."

"Tashi, 'yata. Ni ya kamata in durƙusa." Ta kamo ta ta rungume. "Na zalunce ki. Kai ni wurin tsohuwar."

Bayan sallar layya aka ɗaura auren, Malam Inuwa da kansa ya yi huɗuba. Ango na da tabo daga goshi zuwa kunne, hannunsa na hagu bai ƙara miƙewa sosai ba, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. An kawo Kaka a keken guragu, Inna Hasana ta gyara mata sabon ɗaki. Ana tsakiyar hidima Ubale ya shigo, ya fito daga gidan yari a rame, Badiyya na biye da shi kai a ƙasa. Ya zube a gaban keken.

"Iya, ni ne Ubale. Ni na sa aka karya ki."

Tsohuwar ta miƙa hannu ta lalubo fuskarsa, ta shafa ta tun daga goshi har haɓa. "Ashe ma yaro ne," ta ce. "Da muryar na ɗauka wani ƙaton dodo ne. Tashi ka je ka ci shinkafa."

Ubale ya kifa kansa a gwiwarta ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Kaka Rifkatu ta ƙara shekara biyu a duniya. A kan addininta ta rasu, Muhsina na riƙe da hannunta, ita ma a kan nata. Har tsohuwar ta koma ga Mahaliccinta babu wadda ta ja 'yar'uwarta zuwa nata ɓangaren, babu kuma wadda ta yi wa ɗaya ƙarya.

'Yan'uwa, sanin abin da wani ya yi imani da shi daban, yarda da shi daban. Kana iya ƙin maganar mutum iyakar ƙi, amma ka fara jin ta daga bakinsa, ka kuma faɗe ta yadda ya faɗa. Guntuwar murya a waya ta karya ƙashin tsohuwa, ta raba wa da ƙane, ta kusa cin rai. Tambaya ɗaya da an yi, da duk ba a kai nan ba. Muhsina kuwa ta riƙe addininta, ta riƙe zumuncinta, ta yi haƙuri, Allah bai bar ta ta taɓe ba.